Giram nawa na kabohaidiret ya kamata in ci a rana idan ina lo-kab?

Maman Hanif

Slm 'yan uwa, dan Allah inada tambaya kuma inaso wanda ya sani da gaske ya amsa min don wlh kaina ya ɗaure. Na ɗan jima da fara rage kabohaidiret, wato sitaci da suga, saboda ƙiba, tumbi ne ya ƙi tafiya ga gwiwa ta fara min ciwo in na hau bene, to matsalar duk inda na duba lissafi daban nake gani, wani yace giram 20 a rana in ka wuce haka ka ɓata komai, wani yace 50, wani kuma yace ai ko 130 ka ci har yanzu lo-kab (cin kabohaidiret kaɗan) kake yi. To wanne ne gaskiya a ciki? Tsakanin 20 da 130 fa ba ƙaramin rata bane.

Abu na biyu, shi giram ɗin da ake faɗa nauyin abincin ne in an ɗora a sikeli ko kuwa wani abu ne daban? Don in nauyin abinci ne giram 20 na shinkafa ai cokali ɗaya ne da ɗan wani abu.

Ni dai abinda nayi shine na yanke shinkafa da burodi da taliya da dankali gaba ɗaya, suga ma na daina, sai ƙwai da nama da ganye, ko ayaba bana taɓawa. Sikeli ya motsa kam alhamdulillah amma ciwon kai nake fama dashi, in na miƙe tsaye da sauri sai jiri, ga kasala kaman wadda ta kwana tana aiki, bayan gida ma sai da ƙyar. Haka abin yake ne ko ni ce na zurfafa da yawa?

Sannan mahaifiyata tana da ciwon suga, ta ga na fara raguwa tace itama zata bi irin nawa, nace ta dakata tukunna in tambaya. Na gode.

Abu Sadiq

Wslm Maman Hanif. Bari in fara da ta biyun don in ba'a gane ta ba duk sauran lissafin a banza ne. Giram ɗin da ake magana ba nauyin abincin bane, nauyin kabohaidiret ɗin da ke CIKIN abincin ne. Dafaffiyar farar shinkafa in kika auna giram 100 a sikeli, kabohaidiret ɗin cikinta wajen giram 28 ne, mafi yawan sauran ruwa ne da ta sha a tukunya. Ɗanyarta kuwa giram 100 tana da kusan 80, shi yasa in kina duba lissafi a waya ki tabbata na dafaffiya kike gani ko na ɗanya, mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa wajen 45 ne. Yankan burodi ɗaya 13 zuwa 15. Ayaba matsakaiciya wajen 27, tuffa wajen 25, kofin madara 12, ƙaramin cokalin suga 4, gwangwanin Coca-Cola mai mil 330 kuma 35 ne cif kuma duk suga ne. Ƙwai bai kai 1 ba, nama da kifi da mai babu ko kaɗan in dai ba'a shafa musu fulawa ba. Kabeji giram 100 wajen 6 ne, tumatir wajen 4.

Yanzu ga lambobin. Duk ukun da kika gani suna da asali, kowanne dai abinda yake nufi daban ne. Giram ɗaya na kabohaidiret kalori 4 yake bayarwa. Shawarar da hukumomin Amurka suka daɗe suna bayarwa ga mutum mai cin abinci na yau da kullum ita ce kashi 45 zuwa 65 cikin 100 na kalorinsa ya fito daga kabohaidiret, wato ga mai cin kalori 2000 a rana giram 225 zuwa 325 kenan. To masu bincike da yawa sun ɗauki ƙasa da 130 a rana, ko ƙasa da kashi 26 cikin 100, a matsayin lo-kab. Shi 130 ɗin daga lissafin gulukos, wato sugan jini, da ƙwaƙwalwa ke ƙonawa a rana aka ciro shi. Shi kuma 20 zuwa 50 wani mataki ne daban, shine kito, inda ake matse jiki har hanta ta koma sarrafa kitse tana fitar da kiton don ƙwaƙwalwa ta samu abin amfani. Kenan ke abinda kike yi yanzu kito ne kika faɗa ciki baki sani ba, don ƙwai da nama da ganye da wuya su kai ki 30.

Ra'ayina, kuma zan faɗa kai tsaye, wadda burinta kawai rage ƙiba bata da dalilin farawa daga 20. Ki fara tsakanin 100 da 130. In da can kina cin 300 to kin zubar da fiye da rabi, wannan ba wasa bane. Kuma a wannan adadin rana tana yiwuwa kaman ta mutane: da safe ƙwai biyu da burodi yanka biyu da shayi da ɗan madara ba suga, wajen 35 kenan. Da rana shinkafa kofi ɗaya, a auna ta da kofi fa ba da ido ba, ido yana ha'inci sosai a kan shinkafa, ki cika sauran faranti da ganye da kaza ko nama, wajen 55. Da dare kifi da kabeji da rabin kofin wake, wajen 28. Kin tashi kusan 120. Ranar da kike marmarin tuffa ko ayaba sai ki raba shinkafar biyu ki saka ta a gurbin.

Ki riƙe hakan na sati uku ko huɗu kina auna ƙugu da tef ba sikeli kaɗai ba. In abu ya tsaya cak sai ki sauko 80, ki sake jira. Kuma in zaki yanke ki fara da abin sha mai zaƙi da suga da kayan fulawa, wake da 'ya'yan itace su ne na ƙarshe da ya kamata a taɓa, ban ga dalilin da mutum zai ji tsoron ayaba ɗaya ba.

Maganar Mama kuma na barwa masu aikin asibiti, amma kin kyauta da kika ce ta dakata.

Sir Kito

Malam Abu Sadiq lissafinka daidai ne amma gsky ban yarda da shawarar ba. Ni 130 bata taɓa min aiki ba, in na ci shinkafa kofi ɗaya da rana kafin la'asar yunwa ta dawo kaman ban ci komai ba sai in ƙare da neman biskit, amma da na sauka 20 zuwa 25 yunwar ce ta mutu gaba ɗaya, wannan shine sirrin da mutane basa ganewa, ba wai kana daurewa bane kawai baka jin son abincin ne. A satin farko kaɗai kusan kilo uku na sauke. Kuma ba sabon abu bane, Dakta Robert Atkins tun 1972 ya fitar da littafinsa, tsarin da aka san shi dashi shine ka fara da giram 20 na sati biyu sannan ka dinga ƙara 5 a hankali har ka gano iyakar da jikinka ke ɗauka ba tare da nauyi ya dawo ba. To ni a ganina gara ka fara daga ƙasa ka hau, kana ganin sakamako da wuri sai zuciyarka ta yi ƙarfi.

'Yar uwa ciwon kai da jirin nan kusan kowa yana yinsu a farko. In insulin ya sauka a jini ƙoda tana zubar da gishiri da ruwa fiye da da, shi yasa zaki ga kina yawan fitsari. Ki sha ruwa sosai ki sha romo mai ɗan gishiri, yawanci cikin sati ɗaya ko biyu yake wucewa. Bayan gida kuma ki ƙara ganye da afokado, shi afokado giram 100 kabohaidiret ɗinsa wajen 9 ne kuma kusan 7 faiba ce, wato ɓangaren da jiki baya narkarwa. Kar ki karaya yanzu da kika riga kika sha wuyar farkon.

Anti Bilki

Maman Hanif ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma maganar Mama ce ta sa na tsaya rubutu. Dan girman Allah kar ta fara sai likitanta ya sani, kuma ba ina faɗa bane don a ce na faɗa. Ki je ki ɗauko ledar magungunanta ki karanta sunayen. In tana allurar insulin, ko tana shan glibenclamide, gliclazide ko glimepiride, waɗannan suna sauke suga ne ko ta ci abinci ko bata ci ba. An saita mata adadin maganin ne bisa abincin da ta saba ci, to ki ɗauka da safe ta sha ƙwayarta sannan ta karya da ƙwai da ganye kawai, kafin azahar sai ki ga gumi yana karyo mata, hannu na rawa, magana ta fara harɗewa, in dattijuwa ce ma wani lokacin babu gumin babu rawar sai dai ki ga ta rikice ko barci ya ɗauke ta a zaune a ɗauka gajiya ce. Suga ƙasa da 70 a na'ura, ko 3.9 in irin ɗaya ma'aunin ne, ya faɗi kenan. Akwai kuma wani rukunin, empagliflozin da dapagliflozin da 'yan uwansu, su haɗarinsu da kito shine kiton ya taru har jini ya yi tsami alhali na'ura tana nuna suga ba wani hawa sosai, sai amai da ciwon ciki da numfashi sama sama, wannan na gadon asibiti ne kai tsaye. Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga haka.

Ba cewa nake rage kabohaidiret bai da amfani ga mai ciwon suga ba, yana da shi sosai, ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ma a rahotonta na 2019 ta ce rage yawan kabohaidiret shine ya fi samun hujjoji wajen daidaita suga a jini. Amma daidai saboda yana aiki ne dole a rage magani tare dashi. In tana shan maganin hawan jini shima a duba, kuma shawarar romo mai gishiri ba tata bace.

Sir Kito ɗan uwana kilo ukun nan na satin farko, ina taya ka murna amma mafi yawansa ruwa ne. Jiki yana ajiye gulukos a matsayin gilaikojin, wajen giram 100 a hanta da wajen 400 a tsoka, kuma shi kaman soso yake, kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. In ka daina cin sitaci jiki ya cinye ajiyar sai ruwan ya fita ta fitsari, ka ga kilo biyu nan ba tare da kitse ya motsa sosai ba. Shi yasa ranar da mutum ya ci abinci mai nauyi sai washegari ya ga kilo ɗaya da rabi ya dawo ya shiga tashin hankali yace ya rusa komai, alhali ruwa ne ya koma mazauninsa. Ina ganin mata suna kuka a kan wannan wlh, har wasu su daina cin abinci gaba ɗaya.

Shi kito asalinsa ma magani ne, a 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi don masu farfaɗiya, kuma har yau ana yiwa yaran da magani bai riƙe su ba, amma da likita da masanin abinci a kai ana auna komai.

Ƙanwata tambaya ɗaya, naga sunanki Maman Hanif, shekarun Hanif nawa? Kina shayarwa ko akwai juna biyu? Don amsar zata canza lissafin duka.

Abu Sadiq

Sir Kito ban musa maka batun yunwa ba, da gaske ne wasu suna samun sauƙinta a kito, kuma wanda ya ji daɗinsa a 25 jininsa lafiya ƙalau ba ni da ta cewa. Inda muka rabu shine a ce kowa sai ya bi ta nan. Akwai binciken da Christopher Gardner da abokan aikinsa suka yi a jami'ar Stanford aka buga a 2018, manya 609 aka raba biyu, rabi suna rage mai rabi suna rage kabohaidiret, tsawon wata 12. Masu rage kabohaidiret ɗin daga giram 20 aka fara dasu irin yadda kake so, aka ce su dinga ƙarawa har inda suke jin zasu iya zama a kai. Da shekara ta cika kusan kashi 30 cikin 100 na kalorinsu daga kabohaidiret yake fitowa, wato sun dawo kusa da 130 ɗin nan da kake rainawa. A matsakaici sun sauke kilo 6, masu rage mai kuma kilo 5.3, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja dashi ba. Kuma a cikin kowane ɓangare akwai wanda ya zubar da kilo sama da ashirin akwai wanda ya ƙara nauyi ma. Duka ɓangarorin an ce musu su rage suga da tataccen gari su yawaita ganye, ni a nan nake ganin aikin ya fito.

Abin da ya fi damuna da 20 shine abinda mutane ke cike gurbin dashi. A shekarar dai, 2018, an buga wani binciken da ya bi mutum sama da dubu 15 a Amurka na kusan shekara 25, aka ga waɗanda kabohaidiret ɗinsu ke wajen kashi 50 zuwa 55 sun fi ƙarancin mutuwa, ƙasa da 40 ko sama da 70 kuma haɗarin ya ɗan ƙaru. Irin wannan binciken bibiya ce kawai, baya tabbatar da cewa abincin ne sanadi, amma abinda ya ja hankalina shine waɗanda suka maye gurbin da nama da kitsen dabba su ne haɗarinsu ya hau, waɗanda suka maye da ganye da gyaɗa da man tsirrai nasu ya sauka. Don haka ɗan uwa in zaka daɗe a kito ka je a auna maka kolesterol, wasu LDL ɗinsu, wato mummunan kolesterol, yana tashi sosai kuma ba'a jinsa a jiki.

Maman Hanif

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Bilki eh ina shayarwa, Hanif bai kai shekara ba, kuma yanzu da kika faɗa na lura kaman nonon ya ɗan ragu kwanan nan yana yawan rigima da dare. Na duba magungunan Mama, akwai metformin akwai glibenclamide akwai na hawan jini guda ɗaya, na riga na faɗa mata kar ta canza komai sai ranar ganin likita.

Tambaya ta ƙarshe dan Allah, a jikin kwali ina ganin an rubuta kabohaidiret sannan a ƙasa faiba da suga, wanne zan ƙirga? Wasu na cewa a cire faiba.

Anti Bilki

To ƙanwata tunda kina shayarwa ki fita daga kito yau ɗin nan, kar ki jira ciwon kan ya wuce. Adadin da aka ware wa mai shayarwa giram 210 ne a rana, mai juna biyu 175, saboda sugan da ke cikin nono daga gulukos ɗin jininki ake haɗa shi, kina zubar dashi ne kullum ta bakin yaro. An samu mata masu shayarwa da suka matse kabohaidiret har jininsu ya yi tsami aka kwantar dasu, ba kasafai bane amma yana faruwa kuma ba masu ciwon suga bane. Ko 120 ɗin Malam Abu Sadiq ta miki kaɗan a yanzu, ki ajiye ta sai kin yaye. Ki dawo da sitaci a kowane cin abinci, shinkafa kofi ɗaya ko dankali ko wake, da 'ya'yan itace sau biyu da madara, abinda zaki bari a yanke shine lemon kwalba da suga da biskit da kek. Nauyi zai sauka a hankali. In kika ji amai ko numfashinki ya canza ko jirin ya ƙi tafiya bayan kin dawo da abinci ki tafi asibiti a ranar, Hanif ma a kai shi awo a ga nauyinsa.

Batun kwali kuma ya danganta da inda aka yi kayan. Na Amurka jimlar da suke rubutawa ta haɗa da faiba, to masu cirewa sai su cire ta tunda jiki baya mayar da ita suga, misali jimla 20 faiba 7 saura 13. Na Ingila da ƙasashen Turai kuwa sun riga sun ware faibar a layinta daban, in kika sake cirewa kin cire sau biyu. Shi layin suga yana cikin jimlar ne, ba'a ƙara shi a kai. Sannan ki duba lambar ta giram 100 ce ko ta kason cin mutum ɗaya, don wani kwalin kaso uku ne a ciki mutum ya cinye shi a zama ɗaya yana ƙirga ɗaya. Ke a adadin da zaki ci yanzu ba sai kin wahalar da kanki da cire faiba ba, neman ta ma ya kamata ki yi, Hukumar Lafiya ta Duniya tace aƙalla giram 25 a rana ga babba, kuma ita da ruwa ne zasu warware miki matsalar bayan gidan.

Ranar da zaku kai Mama ku tafi da ledar magungunan duka da littafin da take rubuta awon suganta, ku faɗawa likita a fili tana son rage sitaci, ku tambaye shi ya za'a yi da glibenclamide ɗin kafin ta fara.